Ita Ta Koya Mini Ingilishi, Da Shi Na Zage Ta

Malam Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karanta shafin nan, na Kano da na Katsina da namu na nan Damagaram da jaridar ke iso mana a kamyon gyaɗa, wato babbar mota, bayan ta tsufa a hanya. Gaisuwar ke nan, ban iya jan ta ba, yau kuwa ba ni ma da zuciyar ja. Roƙona biyu ne: kada ku nemi sunana, kuma kada kowa ya yanke mini hukunci sai ya kai ƙarshen takardar nan. Zagi kuwa ku adana abinku. Wata biyu ke nan ina zagin kaina da Hausa da Faransanci da Ingilishi, ba wanda zai kawo mini sabo. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don sati biyar suka rage mini.

Ni budurwa ce, shekarata ashirin da ɗaya, auta a gidanmu. Mu Kirista ne, muna zaune a bakin Birni. Baba yana aiki a dispansar, wato ƙaramin asibiti, dangin Inna kuwa Musulmi ne manoma a Zermu, da kaka sukan zo mana da gero a kan jakuna. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na gama koleji, abin da mata ƙalilan suka yi a garin nan, kuma tun ina ƙarama ake ce mini bakina ya fi ni girma. Na san haka ne. Ban taɓa jin kunyarsa ba sai bana.

Yayana sojin Faransa ne. An kai su Indosin ya yi shekaru a can, da aka gama yaƙin ya dawo da igiyar sarjan, da kunne ɗaya da ba ya ji, da mata. Zan kira ta Liyen. Ba sunanta ba ne, sunan yayarta ne da ta baro can. Irinta uku ne a garin nan, duk matan tsofaffin soji, wanda ya ga dama ya yi ta canka. Ranar da suka sauka unguwa ta cika gidanmu har kan katanga. Ga ta 'yar siririya, gashi har gadon baya, ciki ya fito, kayanta duka akwati ɗaya ne da keken ɗinki a cikin buhu. Kowa ya zuba mata ido. Sai ni, ina 'yar shekara goma sha biyar, na buɗe baki na ce, “Yaya, an aike ka yaƙi sai ka dawo mana da Shinuwa?” Gida ya fashe da dariya, don Shinuwa shi ne Basine a bakin Faransawa. Shi ke nan, suna ya zauna. Mai nama Shinuwa, matan majami'a Shinuwa, kawunnanmu na Zermu in sun zo, “Ina Shinuwar gidan?” Da ta haifi 'yarta, wadda zan kira Saratu, ita ma ta zama 'yar Shinuwa tun ba a yanke mata cibiya ba.

Kafin ku ce wani abu, kun san al'adarmu. Ƙanwar miji da matar wa abokan wasa ne. Ni in ce miyarta ba gishiri, ita ta ce ba mai aurena da wannan baki. In ɓoye mata takalmi, ta zuba mini ruwa a tabarma. Haka Inna ta yi da ƙannen Baba, har yau in sun haɗu sai an raba su. To ni na yi nawa rabon na zauna ina jiran nata. Ba ta rama ba. Shekara shida ba ta rama ko sau ɗaya ba. Ni a wautata na ɗauka girman kai ne, sai na ƙara wuta. Kwanan nan na sani ashe a ƙasarsu matar da ta shigo gida ba ta mayar wa dangin miji magana, ko da ɗan yaye ne. Wa ya gaya mata wasa ake yi? Ba kowa. Wa ya gaya mini ita duka take ji? Ba kowa. Yaya da ya san ƙasashen nan biyu yana zaure yana busa taba. Wannan haushin nasa ina jin sa har gobe.

Sau ɗaya ta yi magana. Muna wanki, lokacin ta iya Hausa, don kunnenta kamar na makaɗi yake, cikin shekara biyu tana ciniki a kasuwa ba mai cutarta. Ta ce, “Auta, ni ba Shinuwa ba ce.” Na ce, “To Anamit, yadda malaminmu na lakwal ke faɗa.” Ta ce, “Wannan da shi Faransawa ke kiranmu in za su aike mu ɗebo ruwa. Sinawa mutane ne masu ƙasarsu da harshensu, ba zagi ba ne a kira su da sunansu. Amma ni ba su ba ce. Ƙasarmu Biyetnam. Ke in na wayi gari ina ce miki Bazabarma, gari duka ya ɗauka, za ki amsa?” Na ce, “Haba matarmu, duk idonku iri ɗaya ne, wa zai tsaya tantancewa?” Ta dube ni, ta ci gaba da matse zane. Ko a jikina.

Ga yadda Ingilishi ya shigo maganar. Kun fi ni sanin gyaɗarmu ta wajenku take bi zuwa teku. Akwai wani kamfanin sayen gyaɗa a nan, ba zan faɗi sunansa ba, babbansa Bature ne ɗan Ingila, kullum suna waya da Kano. Na ji suna neman wadda za ta zauna a biro ta ɗauki tarho ta buga takardu da Ingilishi. Ni kuwa na yi shi a koleji, a takarda ba mai kama ni. Na je. Mutumin ya saurare ni kaɗan sai ya ce da Faransanci, “Madmazal, rubutunki ya yi, amma in kika ɗauki waya mutanen Kano za su zaci layin ne ya lalace.” Komi biyu, wato akawunan biro, suna bayansa suna danne dariya. Na dawo gida na faɗa madafa ina jifa da ludayi, ina maimaita jimlar da ta kayar da ni. Sai na ji daga bayana an faɗi jimlar nan tsaf, da wata murya kamar an kunna rediyon Ingila. Na juya. Liyen ce, tana tankaɗe.

Shekara biyar muna gida ɗaya ban sani ba! Ashe tun tana 'yar shekara goma sha biyu take renon 'ya'yan wani Bature mai harkar jiragen ruwa a Saigon. Shekara tara ta yi a gidansu, a bakin yaran ta ɗauki harshen, shi ya sa nata ba na littafi ba ne. Da yaƙi ya yi zafi suka tattara za su tafi, a bakin jirgi uwar gidan ta miƙa mata tsohuwar laima, ba ta ko bari ta rungumi yaran ba. Tun ranar ta ɗaukar wa kanta alkawari ba ta ƙara yi wa Bature Ingilishi. Amma ni ta ce za ta koya mini. Ni? Ni da na ɓata mata suna a gari? Na tambaye ta dalili, ta ce, “Ke ƙanwata ce.” Akwai wata 'yar gajeriyar kalma ta harshensu mai ma'anar ƙanwa, da ita take kirana tun zuwanta, ni kuwa ban taɓa tambayar ma'anarta ba sai ranar.

Wata takwas muka yi, kuma ban taɓa ganin malami mai taurin kai irin nata ba. Ta ɗora mini sili na auduga a tafin hannu kusa da baki, ta ce in faɗi harafin P ɗin nan da mu muke mayarwa F, in audugar ba ta tashi ba in sake. Sati uku ina hura auduga kamar mahaukaciya, Inna tana wucewa tana cewa, “Karatun zamani ke nan? Da kaɗi kika koya da mun ga zare.” Ta kafa mini fasasshen madubi a jikin bango in ga harshena ya leƙo tsakanin haƙora, ni da aka raine ni ana mari na in na fito da harshe. R ɗin da Faransawa suka dasa mini a maƙogwaro ta ce in tofar da shi, rabin R ɗin Ingilishi ma ba a faɗarsa, haɗiye shi ake yi. In na liƙa wa kalma wasali a ƙarshe, yadda bakin Bahaushe ke so, sai ta ƙwanƙwasa mini almakashi a gwiwa. Wanda ya fi ba ni wuya, ta ce ina rera Ingilishi kamar waƙar sujada. “Ba a rera shi, Auta, daka shi ake yi.” Ta ja ni bakin turmi da la'asar, ta ba ni taɓarya ta ɗauki tata. Inda taɓarya ta sauka nan ne ƙarfin magana, sauran gaɓoɓin in kwashe su da sauri kafin ta sake sauka. Geron Zermu duka da Ingilishi muka daka shi a shekarar nan. Na yi kuka, na yi zagi, sau biyu na ce na fasa. Ba ta lallashe ni ba ko sau ɗaya, sai ta ce, “Sake.”

Da na koma biro, Baturen ya ajiye alƙalami ya ce in sake magana. Ya aika aka kira matarsa ta zo ta ji. Ita ba ta son a ce mata Madam kamar matan Faransawa, sai Misis. Washegari na fara aiki. Misis kuwa ta ɗauke ni kamar ta tsinci abin wasa. Duk Alhamis da la'asar matan Turawa kan taru a barandarta shan shayi, sai ta sa a kira ni daga biro, a ba ni kujera, kujera fa, ba tabarma ba, ta ce in karanta musu wani abu su ji. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi nake ji har cikin ƙashina. Ni da komi suka yi wa dariya, yau ni ce ke riƙe da kofi a barandar da ubana ba ya wuce matakalarta.

A nan na yi ƙaryar farko. Misis ta ce wa ya koya mini wannan baki? Na ce rediyo da faifan garmaho. Me ya sa? Don kafin su zo nan sun zauna a Singafo, kuma na riga na ji yadda take ba da labarin masu aikinta na can, yadda take lanƙwasa murya tana kwaikwayonsu matan suna dariya. Na ji tsoron in na ce matar yayana ce, 'yar can wajen, abin nan da take yabo zai zama na aro, na hannu na biyu, ta daina kirana. Na zaɓi kujera. Ga gaskiyar ke nan, ba ado.

Sai ranar Alhamis ɗin nan. Kun san bana ba maganar da ake yi sai ta 'yancin kai, Turawa ma suna shirin nasu bikin, Misis tana son sabuwar riga. Wata ta ba ta labarin tela mace mai hannu. Ni ban sani ba. Ina zaune da kofi a hannu sai ga Liyen ta hawo matakala da ƙunshin yadi. Ta gaida su da Faransanci. Idonmu ya haɗu. Ban gaishe ta ba. Matar yayana, wadda da safiyar nan ta goge mini rigar da ke jikina! Ta ga ban gaishe ta ba, sai ita ma ta kau da kai kamar ba ta taɓa ganina ba.

Misis ta hau kan 'yar kujera, Liyen ta durƙusa a ƙasa tana kama bakin rigar, allurai a bakinta. Misis ta ɗauka ba ta jin Ingilishi, sai ta fara. Ta ce ko'ina ka je a duniya sai ka tarar da irinsu, har tsakiyar rairayi. Ta ce bin soji suke yi daga bariki zuwa bariki, wanda ya fi wauta shi ke kwasowa. Ta ce hannunsu da kyau amma a sa ido a kan kaya. Kuma ta kira ta da wata kalma. Ba zan rubuta ta ba. Gajeriya ce, da ita suke kiran duk mai siririn ido, daga Basine har wanda bai taɓa taka ƙasar Sin ba, kuma ko ba ka jin Ingilishi in ka ga yadda baki ke yi wajen faɗinta ka san tofi ne. Sannan ta juyo wajena ta ce, “Ke 'yar gari ce, kin san ta?”

Me ya hana ni cewa matar yayana ce? Me ya hana ni ko yin shiru? Ko in ce ana kirana a biro in tashi? Ƙofofi nawa ne a buɗe a gabana? Na ce, “Kowa ya san ta. Wani soji ne ya kwaso ta.” Wani soji! Yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya goya ni! Kuma ban tsaya nan ba, jama'a, da na tsaya da sauƙi. Na ga suna kallona suna jira, sai bakin nan nawa ya kama gudu. Na maimaita kalmar Misis. Na sa yatsu na ja gefen idanuna. Na kwaikwayi yadda take Hausa farkon zuwanta, abin da na saba yi a tsakar gida. Barandar ta ɗauka. Har wata matar Bafaranshe da ba ta jin komai tana share hawaye don dariya. Misis tana tafi tana cewa, “Ku ji ta! In kun rufe ido sai ku rantse a Ingila aka haife ta.”

Liyen ba ta ɗago ba. Ko allura ɗaya ba ta kuskure ta soki ƙafar matar nan ba, ni da ni ce da na soka har ƙashi. Ta gama, ta naɗe yadinta, ta ce da Faransanci, “Jibi zan kawo, Madam,” ta sauka.

Da na tashi aiki na tarar da ita tsaye a bakin lungun da ke shiga Birni, tana jirana. Muka jera cikin rairayi. Can ta ce, da Ingilishin nan nata, “Kin faɗe ta daidai. Ko su ba su fi ki ba. Ba sauran abin da zan koya miki, Madmazal.” Madmazal! Kalmar nan ta ƙanwa tun ranar ban sake jin ta ba. Kun san abin da na ce? Na ce, “Haba matarmu, ai wasa ne. Ke ma sai ki rama, haka ake yi.” Ta tsaya cak ta ce, “Wasa? Ina durƙushe a gaban baƙi da allura a baki, da me zan rama?”

Ta ɗinka rigar, ta kai, ta yi kyau har matan suna tambaya. Bayan sati biyu Yaya ya shigo gida fuskarsa kamar an yi mutuwa. Faransawa da ke tattara kayansu sun buɗe rajista a biron kumandan, matan soji 'yan wata ƙasa da ke son a kai su Faransa su rubuta suna kafin a miƙa mulki. Liyen ta je ta rubuta nata da na Saratu. Abin da ya rage uban yarinya ya sa hannu, ƙarshen watan gobe ake rufewa. Faransa fa, inda ba ta da kowa, ƙasar mutanen da suka ƙone garinsu. Ta gwammace can da gidanmu.

Kuma ba ta gaya wa kowa dalili ba. Wannan ne ke neman haukata ni. Yaya yana ganin laifinsa ne, saboda zafin ran da ya dawo da shi daga yaƙi, ya daina cin abinci sosai, yana bin ta da “Me na yi miki?” tana ce masa ba komai. Inna tana ganin nata ne, don ta sha yi mata gorin rashin ɗa namiji, kullum tana kuka tana aika mata fura. Kwanakin baya Yaya ya ce wa Baba a gabana, “Na raba ta da uwarta, ba zan raba ta da 'yarta ba. In ta nace zan sa hannu.” Ni kuwa ina gefe ina zuba masa ruwa a kofi kamar mutuniyar kirki. Saratu tana hawa cinyata tana tambayata ko jirgin ruwa ya fi kamyo girma.

Na kasa daurewa. Ran Asabar da rana na same ta a ɗakinta tana kan keke. Na ce, “Me ya sa ba ki tona ni ba? Ki faɗa musu mana! Ki bar Yaya ya karya ni, ya fi mini wannan shirun naki.” Ta ce, “Ba aikina ba ne.” Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyayena, na ce ta yi haƙuri. Ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layi. Sannan ta ce, “Kina tsammani Misis ce ta kore ni? Irin maganarta tun ina yarinya nake ji, ba ta shiga jikina. Sunan da gari ke kirana ma na saba. Amma Saratu za ta shiga lakwal baɗi da idon nan nata. Shekara shida ina gaya wa kaina, in na mutu akwai mutum ɗaya a gidan nan mai baki da zai tsaya mata. Na ɗauka ke ce. Ran nan na ga abin da bakinki ke yi in an ba shi kujera.” Na ce to me zan yi? Ta ce, “Haƙurin ɗaki ba na so. A baranda kika yi, a baranda za ki gyara. Ran Alhamis, a gabansu duka, ki faɗi sunana na gaskiya, da sunan ƙasata, da abin da nake a gare ki, da wanda ya koya miki.” Na ce in na yi za ta zauna? Ta ce, “Ban ce ba. In kin yi, zan sami abin da zan yi tunani a kai.” Ta ci gaba da ɗinki.

To ga inda nake. Maigidan Misis ya sa sunana cikin waɗanda za a tura babban ofishinsu na Kano, daga can a kai mu Ingila ƙaro karatu, kuma Misis ce ta matsa masa. Abin da nake mafarki ke nan tun ina koleji. In na miƙe a barandar nan na faɗi gaskiya, matar za ta gane telar da ta durƙusa a ƙafarta ta ji kowace kalma, kuma ƙawayenta za su gane tare da ita. Na san halinta. Ta kori kuku don ya yi murmushi ranar da iska ta ɗauke mata malafa. Ni kuwa ba murmushi zan yi ba, tsirara zan yi mata a gaban baƙinta. Ba Kano, ba Ingila, wataƙila ba biro ma. Kuma bayan duk wannan Liyen tana iya ɗaukar 'yarta ta tafi, in tashi ba ko ɗaya.

Alhamis ɗaya ta riga ta wuce tun maganar. Na je, na sha shayi, na karanta musu labarin wani lambu, na dawo. Liyen ta dubi fuskata a ƙofa, ba ta tambaye ni komai ba.

Ina fushi, Malam Edita, ban ma san wanda zan fara da shi ba. Ina fushi da Misis da ke iya faɗin irin wannan a kan mutum yana durƙushe a gabanta. Ina fushi da Yaya da ya kawo 'yar mutane daga ƙarshen duniya ya kasa buɗe baki sau ɗaya ya ce a kira ta da sunanta. Ina fushi da garin nan da ke ta ihun Bature ya raina mu, ya kira dattijo “yaro”, alhali mu shekara shida ba wanda ya tambayi matar nan yadda take so a kira ta. Ku ma na Kano kada ku yi saurin ɗaga hanci, Kwara da Indiyawan da ke kantunanku, kun taɓa tambayarsu? Na fara gyara wa mutane a kasuwa, in mai nama ya ce ina Shinuwa sai in ce 'yar Biyetnam ce kuma tana da suna. Sai ya yi dariya ya ce, “Ke da kika raɗa?” Har da Liyen ina fushi, Allah ya gafarta mini, don ta zaɓi hanyar da ta fi kowace tsada ta ce ita kaɗai take so. Amma duk in na zagaya, kaina nake dawowa.

Kada wanda ya rubuto mini in yi addu'a, ina yi. Kada wanda ya ce in ba ta haƙuri, na bayar ta ƙi. Kada kuma a ce mini ai wasan dangi ne, ni na fara faɗin wannan kuma na ji yadda ya fito. Na yi tunanin in gaya wa Yaya komai ya ƙi sa hannu, amma wannan ɗaure ta ne a gidan da ba ta so, da hannuna kuma. Na yi tunanin in sami Misis ita kaɗai in gaya mata a hankali, amma ba shi aka ce in yi ba, kuma na san tsoro ne ke ba ni wannan dabarar. In na yi shiru, zan hau jirgin Ingila, ita ta hau na Faransa da 'yar yayana, shi ya zauna a zaure har ya mutu yana zaton shi ya kore su. In na yi magana, na rasa abin da na yi shekaru ina nema, kuma ba wanda ya yi mini alkawarin komai.

Alhamis biyar suka rage kafin a rufe rajistar. Ku da ba ku san ni ba, ba ku jin kunyata, ku gaya mini kai tsaye.

Me zan yi?